Aro Ne ko Waƙafi? Rikicin Wani Wasan Tebur da Haƙƙin Masu Ƙirƙira

A watan Janairun 2023, lokacin da mu a nan Gamawa hankalinmu ya tattara ga canjin kuɗi, ana dogon layi a bankunan Azare, ga zaɓe yana ƙaratowa, can a Amurka wata rigima ce ta tashi a kan wasa. Wasa dai na zama a tebur, da takarda da fensir. Makonni uku aka kwashe ana kai ruwa rana tsakanin kamfani mai cinikin biliyoyin daloli a shekara da ƙananan marubuta da masu zane, kuma a ƙarshe kamfanin ne ya ja da baya. Labarin bai iso mana ba, tun da wasan ba namu ba ne. Amma abin da aka yi rigimar a kansa namu ne ƙwarai. Ya shafi yarinyar da ke rubuta littafi a wayarta bayan isha'i tana sayarwa a WhatsApp, da saurayin da ke karanta littattafan wasu a YouTube, da malamin firamaren da ke haɗa wa ɗalibansa 'yan labarai. Idan wani ya ce maka "na ba ka izini, yi amfani da kayana", ka zuba ƙarfinka da shekarunka a kai, yana da ikon ya wayi gari ya ce ya fasa?

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya daga ciki shi ne mai jan labari. Shi zai ce: ga ku a bakin wani tsohon kogo, dare ya yi, kun ji motsi daga ciki. Sauran kowa ya riga ya ɗauki matsayinsa, wannan mayaƙi, wannan maharbi, wancan mai magani, wancan gwanin sanɗa. Sai kowa ya faɗi abin da zai yi. Maharbi ya ce zai ɗana kibiya ya harba, sai ya jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai ita fuskarta ashirin. Lambar da ta fito a haɗa ta da ƙwarewar da aka rubuta masa a takarda, ita za ta nuna ko ya samu ko ya kuskure. Ba caca ba ce, ba a zuba kuɗi, ba ma wanda ake cewa ya cinye wani. Labari ne ake ƙagawa tare, ƙa'idoji suna tsare shi don kada kowa ya ce shi ne ya fi ƙarfi. Wanda ya taɓa ganin kalankuwa bayan kaka ba zai ga baƙon abu a nan ba: samarin ƙauye su naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu, a kamo mutum a gurfanar da shi a ci shi tara, kowa ya san wasa ne amma kowa ya riƙe matsayinsa da gaske. Inda suka bambanta da mu shi ne su sun rubuta ƙa'idojin nasu a littafi, littafin kuwa yana da mai shi.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR, kamfanin da daga baya ya yi ƙaurin suna wajen tsoratar da duk wanda ya matso kusa da kayansa da lauyoyi. Bashi ya yi masa katutu, a 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi, a 1999 kuma Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya saye Wizards ɗin. A shekarar 2000, da za a fitar da bugu na uku, wani jami'in kamfanin mai suna Ryan Dancey ya kawo shawarar da ta sauya sana'ar baki ɗaya. Ya ga yadda wasu masu rubuta manhajar kwamfuta ke sakin aikinsu kowa ya ɗora a kai, ya ce a yi haka da ƙa'idojin wasan. Aka tattara ginshiƙan ƙa'idojin a kundi guda, aka sake shi tare da takardar izini mai suna Open Game License, wadda aka fi sani da OGL. Takardar 'yar gajera ce. Ta ce kowa, ko'ina yake a duniya, yana iya ɗaukar waɗannan ƙa'idoji ya rubuta nasa labarin, ya ƙirƙiri nasa dodanni da garuruwa, ya buga ya sayar, ba zai biya ko sisi ba, kuma izinin na har abada ne. Sharaɗin kawai ya liƙa takardar a cikin littafinsa, kuma kada ya taɓa sunan wasan da tambarinsa da wasu 'yan abubuwa da kamfanin ya keɓe wa kansa.

Ba sadaka kamfanin ya yi ba, ni kuwa ban ga aibin hakan ba. Lissafinsa shi ne, duk littafin da wani ya rubuta a kan waɗannan ƙa'idoji zai tura mai karatu ya sayi babban littafin wasan daga hannun Wizards. Haka kuwa aka yi. Mutane suka kafa sana'a a kan izinin nan, daga mai aiki shi kaɗai a ɗakinsa har zuwa kamfanoni masu ɗimbin ma'aikata. A 2008 an ga alamar farko cewa hannun da ya bayar yana iya dunƙulewa: bugu na huɗu ya fito da wani sabon lasisi mai tsauri. Sai kamfanin Paizo, wanda a da shi ke buga wa Wizards mujallunsa, ya tsaya a kan tsohon izinin ya fitar da nasa wasan mai suna Pathfinder a 2009, har ya yi wasu shekaru yana gaban uwar wasan a shagunan da ake sayar da irin waɗannan kaya. Wizards ya ga uwar bari, ya fitar da bugu na biyar a 2014, a 2016 ya sake sakin ƙa'idojinsa a ƙarƙashin OGL. Daga nan wasan ya yi farin jinin da bai taɓa yi ba.

Farin jinin ne ya ja ido. A watan Disambar 2022 shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a samun kuɗi daga wasan gwargwadon yadda ya kamata. Ranar 5 ga Janairun 2023 kafar labarai ta Gizmodo ta fallasa daftarin sabon lasisi da kamfanin ya riga ya aika wa wasu mawallafa a asirce. Daftarin ya ce tsohon izinin ya daina aiki. Ya ce duk wanda cinikinsa ya haura dala 50,000 a shekara sai ya riƙa kai wa kamfanin rahoto, wanda kuma ya haura dala 750,000 zai biya kashi 25 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kai, ko kashi 20 in ta dandalin Kickstarter ya tara kuɗin. A lura, daga ciniki za a cire, ba daga riba ba. Mawallafin da ya yi cinikin dala miliyan ɗaya zai miƙa dala 62,500 ke nan tun kafin ya biya maɗaba'a da masu zane da kuɗin aika kaya, alhali duk wanda ya taɓa buga littafi ya san ribar ba ta da kauri.

Batun kaso shi ya fi yin amo a jaridu, amma 'yan ƙalilan ne cinikinsu ya kai can. Abin da ya fi tayar min da hankali sharuɗɗa biyu ne da suka hau kan kowa, babba da yaro. Na farko, duk abin da ka ƙirƙira a ƙarƙashin sabon lasisin ka ba kamfanin izinin ya yi amfani da shi yadda ya ga dama, a ko'ina, har abada, ba biya, ya kuma iya miƙa wa wani, kai kuwa ba ka da ikon janyewa. A takarda kai ne mai abu, a aikace kuma suna iya buga dodon da ka kwana kana tsarawa a nasu littafin, ba ka da ta cewa. Na biyu, kamfanin yana iya sauya sharuɗɗan da sanarwar kwana talatin kacal. Wato su sun ɗaure ka da igiyar da ba ta kwancewa, su kuma ba su ɗaure kansu da komai ba.

Manomi a ƙasar Katagum ya san bambancin aro da haya da jingina da kyauta, ya kuma san rigimar da ke tashi in ba a fayyace ba tun farko. A ce wani ya ba ka saura da ta daɗe ba a taɓa ba, ya ce je ka yi ta noma, na bar maka har abada. Ka yi sassabe, ka tumɓuke kututture, shekara da shekaru kana kai taki da amalanke, ka dasa mangwaro a kan iyaka. Ran da gona ta yi kyau sai ga magajinsa: daga bana za a riƙa ba ni rubu'in amfani, mangwaron nan ina da iko in tsinka in sayar, in kuma na ga dama wata mai zuwa in sake sabon sharaɗi. Ka ce ai mahaifinka cewa ya yi har abada. Ya ce haka ne, amma bai ce ba za a iya karɓewa ba. To da wannan hujjar sak kamfanin ya zo. Takardar shekarar 2000 ta ce izinin na har abada ne, amma babu inda ta ce ba ya janyuwa. Sashe na tara nata kuma ya ce mutum yana iya amfani da kowace siga ta lasisin da aka amince da ita, sai lauyoyin kamfanin suka ce to, mun cire amincewarmu daga tsohuwar. Ryan Dancey da kansa ya fito ya ce su da suka tsara takardar ba su taɓa nufin a iya soke ta ba. Lauyoyi suka rabu, wasu suka ce kamfanin zai sha kaye a kotu, wasu suka ce ba lallai ba. Maganar ba ta taɓa zuwa gaban alƙali ba, kuma ƙaramin mawallafi ko da gaskiya na hannunsa, ina ya ga kuɗin ja da Hasbro?

Abin da masu ƙirƙirar suka yi shi ne suka haɗa kai. Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa. 'Yan wasa suka shiga soke rajistarsu ta wata-wata a D&D Beyond, shafin intanet na kamfanin, wanda nan ne hasara ke bayyana nan take a idon masu lissafi. Ranar 12 ga Janairu Paizo ya sanar da cewa zai ɗauki nauyin rubuta wani sabon lasisi mai suna ORC wanda ba ya janyuwa kuma ba mallakar wani kamfanin wasa ba ne, mawallafa sama da 1,500 suka mara masa baya. Wani mawallafin, Kobold Press, ya ce zai ƙera nasa ƙa'idojin. Wizards ya fara da kame-kame, sannan ya nemi afuwa ta bakin jami'insa Kyle Brink, sannan ya kawo wani daftarin da ya zubar da kaso da ƙwacen aikin mutane amma ya riƙe soke tsohon izini, ya ce jama'a su faɗi ra'ayinsu. Sama da mutum 15,000 suka amsa. Kashi 88 cikin ɗari suka ce ba za su buga komai a ƙarƙashinsa ba, kashi 89 suka ce ba su yarda a soke tsohon ba. Ranar 27 ga Janairu kamfanin ya miƙa wuya. Ya bar tsohon izinin yadda yake, ya kuma saki kundin ƙa'idojin bugu na biyar, mai shafi kusan 400, a ƙarƙashin lasisin Creative Commons.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne nasarar gaske. Alkawarin kamfani cewa ba zai sake ba, shugaba na gaba yana iya take shi. Amma lasisin Creative Commons ba kamfanin ne ya rubuta shi ba, ba shi da ikon gyara ko harafi ɗaya a cikinsa, kuma a fili yake a rubuce cewa ba ya janyuwa. Abin ya tashi daga aro ya koma kamar waƙafi: ya fita daga hannun mai shi, ko ya yi nadama daga baya.

To mu dawo gida. Adabinmu na yau a kan filin wasu yake zaune, kuma da yawanmu ba mu taɓa karanta takardar filin ba. A 2013 Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta waya, kuma marubutan Hausa, musamman mata, sun same ta mafita daga wahalar maɗaba'a da 'yan kasuwar da ke riƙe kuɗi. Ranar 30 ga Nuwambar 2023 aka rufe ta. Ba a ƙwace wa kowa haƙƙinsa ba, amma shagon ya tafi, hanyar da marubuciya ke bi ta iske masu sayen littafinta ta tafi tare da shi. A YouTube kuwa, wanda ya ɗora bidiyo shi ne mai shi, amma ya ba dandalin izini mai faɗi na amfani da shi a duniya baki ɗaya, kuma dandalin ne ke sauya ƙa'ida. A 2018 ya ce ba mai samun kuɗin talla sai mai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara. Daga ƙarshen 2020 a Amurka, da tsakiyar 2021 a sauran ƙasashe, ya ba kansa damar sa talla a bidiyon ƙananan tashoshi ba tare da ya ba su kaso ba. Ba cewa nake a ƙaurace wa waɗannan dandamali ba, da su ake cin abinci. Cewa nake mutum ya san matsayinsa a can, ya ajiye asalin aikinsa a hannunsa, ya kuma riƙe wata hanyar da zai iske masu karatunsa in an wayi gari ƙofa a rufe. Akwai kuma manhajojin littattafai da ke zuwa da kwantiragi mai shafuka da yawa cikin Turanci, suna ba da 'yan daloli a karɓe littafi da fassararsa da fim ɗinsa da sautinsa na tsawon shekaru. Marubuciya ta ga dala ta danna amincewa. Kafin a danna, a nemi mai fahimtar Turancin lauyoyi ya duba wurare uku: me aka miƙa, na tsawon wane lokaci, kuma wa ke da ikon sauya sharaɗi shi kaɗai.

Sai dai ba kullum ne mu ake cuta ba. Sau da yawa mu ne masu ba da izinin, kuma da baki muke bayarwa. Kowa ya san yadda take faruwa. Saurayi mai daɗin murya ya turo saƙo: "Anti, don Allah ki ba ni dama in karanta littafinki a tashata." Ta ce: "Ba komai ƙanina, Allah Ya sa albarka." Shi ke nan yarjejeniyar. Yaro ya sayi makirfo, ya riƙa jiran dare ya raba, gari ya yi tsit, janareton maƙwabta ya mutu, sannan ya ɗauki murya, babi bayan babi har sittin. Tasha ta karɓu, kuɗin talla ya fara shigowa. Sai Anti ta ji labari, ta ce ita fa ba ta san da kuɗi a ciki ba, a sauke mata littafi. Wa ke da gaskiya? Ita ba ta yi tsammanin guminta zai zama jarin wani ba, shi kuma ya zuba nasa gumin a kan kalmarta. Duka biyun an cuce su, kuma ba wanda ya cuce su sai rashin layi biyar a rubuce. Irin wannan ce ke faruwa tsakanin marubuci da furodusan da ya ce zai mai da labari fim, da tsakanin mawaƙi da mai haɗa masa kiɗa a situdiyo.

Doka ba ta bar wannan fage haka nan ba. Ranar 17 ga Maris, 2023, makonni kaɗan bayan waccan rigimar, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022. A ƙarƙashinta, da zarar ka rubuta abu naka na kanka, ko a takarda ko a waya, haƙƙinsa ya zama naka ba sai ka yi rajista ba, ko da yake yin rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya yana ƙarfafa hujja ran da aka shiga jayayya. Haƙƙin littafi yana nan tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, wato abin gado ne. Sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya hana kowa, ba ya inganta sai a rubuce. Amma izini na gama-gari, irin na "ba komai ƙanina", yana iya tabbata da baki, ko ma a fahimce shi daga yadda mutane suka yi mu'amala. Saboda haka kalmar Anti tana da nauyi a doka, abin da ba ta da shi kawai shi ne iyaka. Dokar ta kuma buɗe hanyar da mai haƙƙi zai rubuta wa dandalin intanet ya nemi a sauke aikinsa da aka ɗora ba da izininsa ba.

Akwai wani abu a dokar da ya shafi wasanni kai tsaye. Ba a mallakar tunani ko tsari ko hanyar yin abu, abin da ake mallaka shi ne yadda ka zuba shi a kalmominka da zanenka. Haka abin yake a Amurka ma, shi ya sa masana da dama suka ce tun asali babu mai ikon hana ka ƙera wasan da ake jefa ƙwaya mai fuska ashirin, muddin da kalmominka ka rubuta. Abin da OGL ya ba mutane shi ne kwanciyar hankali cewa ba za a maka su a kotu ba. A wajenmu, wannan yana nufin ƙa'idar dara, gurabe talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ka jera uku ka ci na abokin wasa, ba ta kowa ba ce kuma ba za ta zama ta kowa ba. Amma wanda ya zauna ya rubuta littafin koyar da dara da zane-zanensa, littafin nasa ne.

Na san akwai masu cewa duk wannan magana ta Turawa ce, ilimi ba a yi masa shinge. Ina girmama asalin wannan ra'ayi, domin a kansa makarantun allo da zaurukanmu suka rayu, ɗalibi ya kwafi littafin malaminsa da hannu ba wanda ya ce ya biya. Adabinmu ma da ɗaukar na wasu ya girma: Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, ba wanda zai ce bai yi aikin kansa ba. Amma ɗalibin zaure ba ya goge sunan mawallafi, ba ya kuma sayar da kwafi dubu ya hana iyalan mai littafi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Mutanen da aka umarta su rubuta bashi bai kamata su ji kunyar rubuta izini ba. Buɗaɗɗen lasisi shi ne ya haɗa abubuwan nan biyu: ka saki ilimi ya yaɗu, sunanka yana manne da shi, kuma wanda ya ɗora a kai ya kwana da sanin ba za a tashe shi ba.

An kafa Creative Commons a Amurka a 2001, Lawrence Lessig na cikin waɗanda suka kafa ta, lasisinta na farko ya fito a ƙarshen 2002. Kyauta ne, ba a zuwa ofishin kowa, mai aiki ne zai rubuta a jikin aikinsa wanda ya zaɓa. Mafi sauƙinsu, wanda Wizards ya ɗauka, sharaɗinsa ɗaya ne: a ambaci mai asali. Akwai mai ƙarin cewa duk wanda ya ɗora a kai shi ma ya saki nasa da irin wannan izini, kuma a kansa Wikipedia ta Hausa take tafiya. Akwai mai hana kasuwanci da aikin, akwai mai hana a sauya shi. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu yana da littattafan yara da Hausa a kan irin wannan izini, malami a Udubo ko Gololo yana iya saukewa ya buga ya raba wa aji, ya ma sauya sunayen cikin labarin su dace da garinsu, ba ya tsoron kowa.

Amma fa a yi hattara, domin abin da ya sa lasisin nan ya zama kariya ga mai ɗauka shi ne ya sa ya zama nauyi ga mai bayarwa. Ba ya janyuwa. Marubuciyar da littafinta ne ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta kada ta liƙa masa wannan tambari don ta ga ana yayi. In ta yi, duk wanda ya samu kwafi yana iya bugawa ya sayar muddin ya ambaci sunanta, sai in ta zaɓi mai hana kasuwanci. Ita abin da ya dace da ita shi ne 'yar yarjejeniya da Hausa, ko a saƙon waya ne: wane littafi, a wace tasha, na shekara nawa, kaso nawa in kuɗi ya shigo, kuma in za a rabu, me zai faru da abin da aka riga aka ɗauka. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, shi ne kuma ke kare yaron da ya yi aiki. Adalci shi ne in za ta janye, ta janye na gaba, kada ta rushe abin da aka gina lokacin da izininta yake aiki.

Inda nake ganin buɗaɗɗen lasisi zai fi yi mana amfani shi ne wasanninmu na gargajiya. Kalankuwa tana ja baya a ƙauyuka da yawa, tashe yana raguwa, yaran da suka san langa sun fi iyayensu ƙaranci, dara ta koma hannun dattawa a gindin bishiya. Dokar 2022 ta ɗora kula da al'adun gargajiya irin su tatsuniya da waƙoƙi da wasannin jama'a a wuyan hukumar haƙƙin mallaka, don kada wani ya kwashe su ya yi kasuwanci da su a wajen muhallinsu ba izini, amma ta bar ƙofa a buɗe ga koyarwa da kuma marubucin da zai ɗebo daga al'ada ya ƙirƙiri sabon abu nasa. Ba abin da zai hana matashi a Gamawa ya tsara wasan tebur da Gizo da Ƙoƙi, ko wanda 'yan wasa za su zama ayarin fatake masu ratsa daji daga Katagum zuwa Borno, da madugu da jagaba da 'yan fashi a hanya. Abin da zai buƙata shi ne ingantaccen rubutu a kan yadda abubuwan suke, kuma irin wannan rubutu ɗalibai suna yin sa duk shekara a sassan Hausa na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, sai dai kundin digiri a kan kanta yake ƙarewa.

Ina roƙon malaman waɗannan sassa su duba yiwuwar tattara ƙa'idojin wasannin yankin nan, daga bakin dattawan da suka yi su, da yardarsu da sunayensu, a kundi guda da Hausa, a sake shi da lasisin Creative Commons mai sharaɗin ambaton asali da sakin abin da aka ɗora. Lasisin zai hau kan rubutun da hotunan ne, al'adar kanta tana nan ta jama'a. A rubuta sunan lasisin da lambar sigarsa a shafin farko, kada a wadatu da cewa "an yarda kowa ya amfana", domin irin wannan jimla ce magaji ke zuwa ya yi wa fassara. In an yi haka, yaron da ya ɗauki kundin ya ƙera wasansa ya kai kasuwar Azare ko ya ɗora a intanet, babu jami'a ko mai ba da tallafi ko kamfanin da zai zo daga baya da zai iya aiko masa da takarda cewa nan da kwana talatin ya dakata.